Baba Yari da Sunan Laifinsa

A Furfuri, in akuya ta faɗa gonar wani, ko mutum biyu suka fara cacar baki a kan iyaka, ba a cika garzayawa kotu a Bunguɗu ba. Baba Yari ake aika wa. Ba alƙali ba ne, ba malami ba ne, ko ƴar sarautar unguwa ba shi da ita. Manomi ne mai shanun huɗa biyu da wani tsohon keke da ƙafa ce birkinsa. Abin da Allah ya ba shi kawai shi ne son sanin yadda abu ya faru, da taurin kai a kan sunan abin. Mutumin nan ba ya yarda a ce "an yi laifi" a yi shiru. Wane iri? Tambayarsa ke nan tun yana da baƙin gashi, ga shi yau ya haura saba'in bai gaji da ita ba.

Ka ga dai yadda yake aikinsa. Za a kira shi a ce tumakin wane sun cinye waken wane. Mai gona na huci, mai tumaki na rantse-rantse, shi kuwa ko kallonsu ba zai yi ba. Turke zai wuce ya tsuguna, ya ɗauki guntun igiyar yana jujjuya ta kamar mai zaɓen goro. In igiyar sabuwa ce dabba ta tauna, sai ya ce ɓarna ce kurum, tunkiya ba ta san gonar kowa ba, a ba juna haƙuri. In ruɓewa ta yi ta tsinke, ya ce sakaci ne, mai ita ya ga tana lalacewa ya yi ta cewa sai gobe. In kuwa an taɓa gaya wa mutum igiyarsa ta ruɓe, ya sake ɗaure dabbar da ita a bakin waken mutane, to abin ya zama ganganci. Ranar da ya tarar da ƙullin a kwance sumul, babu tauna babu tsinkewa, sai ya ce hannun mutum ne, sunansa ƙeta. Ana yi masa dariyar wannan bin diddigi, amma an lura in ya faɗi sunan, rigimar takan mutu a wurin, don kowa ya san iyakar abin da ya yi da iyakar abin da aka yi masa.

Matarsa Inna Hafsatu, wadda ta shekara arba'in da ɗoriya tana shan wannan karatu, takan ce ko gishiri ne ya yi yawa a miya, sai Malam ya ajiye loma ya tambaye ta kuskure ne ko ganganci.

Akwai kalma ɗaya da Baba Yari yake rowarta ƙwarai, ita ce zalunci. Haushi yake ji in ya ji yadda ake watsa ta. Mai shayi ya rage sukari, a ce zalunci. Direban Gusau ya cusa mutum huɗu a baya, zalunci. Kai, har rana in ta yi zafi akwai mai cewa ta yi zalunci! Shi a wurinsa kalmar tana da nauyi, kuma sai abu uku sun haɗu take tabbata. Ka riƙe abin da ba naka ba, mai abin ya zo ya yi maka kuka, kai kuma ka danne shi da ƙarfin da ka fi shi. Ƙarfin kuwa, in ji shi, ba lallai na damtse ba ne ko na aljihu, har na baki yana ciki. A duk tsawon shekarun da ya yi yana duba ɓarna, sau biyu rak aka taɓa jin ya kira abu da wannan suna, kuma duka biyun bai ci tuwon kirki ba ranar.

To, akwai wani maƙwabcinsa na gona ta gabas, Mamman. Ɗan gajere ne, mai in'ina, irin mutanen da kafin su kai ƙarshen magana an riga an yanke ta. Tsakanin gonakinsu layin gamba ne, dogayen ciyawar nan da ake dasawa a kan iyaka, ana yankan ta da kaka a yi zana. Shekara ashirin da suka wuce, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jama'a na zaune a ƙofar gidan mai unguwa, Mamman ya taso ya durƙusa ya ce yana da magana. Da ƙyar ya fitar da ita. Ya ce iyakarsu da Yari ta matso cikin gonarsa. Ya ce yana ƙarami mahaifinsa ya nuna masa inda shi da mahaifin Yari suka binne ɓarin dutsen niƙa don shaida, kuma a ganinsa wurin yanzu yana tsakiyar geron Yari.

Yari bai taɓa jin labarin wani dutse ba. Yana can kudu ci-rani mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya tarar da gona da gambarta, ya ɗora daga nan. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Mamman. Gamba ƙafa gare ta? Yaushe anka fara ganin ciyawa tana tafiya?"

Wuri ya kaure da dariya. Mamman ya yi ta kokawa da harshensa har ya samu ya ce, "Mu je mu tona."

"In tona tsakiyar gerona saboda abin da kag gani kana ɗan shekara shida?"

Mai unguwa na wancan lokaci ya juya ya tambayi Yari, shi da ake ƙara a kansa, wai mene ne sunan wannan. Ka ji fa! Yari kuwa bai ga wani abin mamaki a ciki ba, ai shi ake tambaya kullum. Ya ce, "Wanga ba laifin kowa ba ne. Ƙorafi ne kurum."

Shi ke nan, sunan ya manne. Mamman Ƙorafi. A kasuwa haka, a wurin suna haka. In ya ce ruwa ya yi ƙaranci bana, sai a ce to, Ƙorafi ya fara. Bai sake ta da zancen iyaka ba. Gaisuwa dai yana yi wa Yari kowace safiya ta saman gambar nan, har shekara goma sha ɗaya, sannan ya kwanta ciwo ya rasu. Yari na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Sunan kuwa bai bi shi kabari ba, ya tsaya a gari. Gonar ta zama gonar Ƙorafi, babban ɗansa Bashiru, magidanci mai ƴaƴa huɗu, ya zama Bashirun Ƙorafi.

Daminar bara ce ta tona zancen. A watan Agusta aka yi wani ruwa mai ƙarfi kwana biyu a jere, ya yanka rami ta cikin geron Baba Yari. Da rana ta fito ya ɗauki hauya ya tafi ya tare ramin kafin ya cinye masa gona. Yana cikin jan ƙasa sai hauyar ta yi ƙara, ƙwal! Ya tsaya. Gonar nan yashi ce, ko tsakuwar jifan tsuntsu sai ka nema. Mene ne wannan kuma? Wani zai kauce ya ci gaba da aikinsa, amma wa ya ga Yari da barin tambaya. Ya tsuguna ya share da hannu. Baƙin dutse ne mai faɗi, gefe ɗaya a fashe, tsakiyarsa ya lotsa ya yi santsi irin na dutsen da mata suka shekara suna niƙa a kansa.

Ya ɗaga kai ya dubi gambar. Ya ƙirga kunyoyin gero daga dutsen zuwa can. Huɗu. Ya sake ƙirgawa daga can zuwa nan, ko za su ragu. Huɗu dai.

Abin haushi, tambayar da ta fara zuwa masa ba ta Mamman ba ce. Yaya aka yi ciyawa ta yi tafiya? Ita ce ta hana shi zama. Ya bi layin dutsen yana tona kaɗan-kaɗan, sai ga matattun saiwoyin gamba, baƙaƙe, sun ruɓe a ƙasa. Ya matsa gaba kunya ɗaya, ga wasu. Ya ƙara gaba, ga wasu da ba su gama ruɓewa ba. Sai ya tuna yadda yake huɗa. Kowace shekara in ya zo kunyar ƙarshe, yakan matse shanun jikin gambar don kada ya bar fili a banza. Bakin garma ya yanki gindin ciyawar ta ɓangarensa, ya tura ƙasa da saiwa ta ɓangaren Mamman. Ta nan ta mutu, ta can ta tsiro. Mamman kuwa da hauya yake noma, ba shi da shanun da za su turo ta ta dawo. Kaɗan bana, kaɗan baɗi, shekara da shekaru. Ashe gamba tana tafiya, in da mai kora ta. Wallahi sai da Baba Yari ya ji ɗan daɗin nan da yakan ji in ya gano yadda igiya ta tsinke, har ya ce "Ikon Allah!" da ƙarfi. Bai rufe baki ba ya tuna wanda ya gaya masa haka tun da daɗewa, da abin da ya kira shi. Ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da azahar ya koma gida, ya ƙi taɓa furar da Inna Hafsatu ta dama. Ta dube shi ta ce, "Malam, mi yaf faru? Sa ya karye?" Ya kwashe duka ya gaya mata.

Ta ce, "Wa yag gani?"

"Ni."

"Ban da kai."

"Babu."

"To ba cewa nike ka rufe ba," in ji ta, tana juya ludayi a cikin ƙwarya. "Amma ka mayar musu da wurinsu a hankali. Ka kira Bashiru gefe, ka ce ka ga alama, ku gyara iyaka. Ai kuskure ne, ba ka sani ba. In ka kai shi gaban jama'a, wa zai sake kiran ka duba ɓarna? Mutanen garin ga ka san bakinsu."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ma ya san haka. Kiran nan da ake yi masa shi ne duk abin da ya tara a duniya. Ba shi da gidan bulo, bai je Makka ba, amma in ya doso taro akan matsa masa a kan tabarma. Sai ya yi abin da ya saba, ya ɗauki laifin yana jujjuya shi kamar guntun igiya. Shekarun farko, kafin Mamman ya yi magana, kuskure ne, wannan ko a gaban wa zai faɗa. Matse shanu jikin gamba ba tare da ya taɓa duba abin da garma ke yi ba, a ce sakaci. Ranar da aka ce masa ga dutse ya ƙi tonawa, ya ci gaba da huɗarsa, ganganci ke nan. Ya so ƙwarai ya tsaya a nan. Ganganci suna ne da mutum zai iya ɗauka ya ci gaba da shiga mutane. Amma ma'aunin da ya yi wa wasu yana nan a kansa, ya ƙi tafiya. Ya riƙe abin da ba nasa ba? Ya riƙe. Mai abin ya zo ya yi kuka? Har durƙusawa ya yi. Ya danne shi da ƙarfin da ya fi shi? Mutum mai in'ina, a gaban jama'a, da baki ɗaya tal da gari ke saurare.

Inna Hafsatu ta ga yadda fuskarsa ta koma, ta ce, "Ka samo sunan ko?"

Ya ce, "Na samo."

Da la'asar ya je gidan marigayi Mamman ya yi sallama a zaure. Inna Saude, matar marigayin, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ciki, ta ja mayafi. Suka gaisa, ya tambayi jikoki, ta tambayi Hafsatu. Sannan ya ce, "Uwar Bashiru, na ga dutsen. Shina nan inda Mamman yac ce. Kunyoyi huɗu na ci muku. Geron da ke kansu naku ne, wurin kuma naku ne. Na zo neman gafara."

Bai ji salati ba, bai ji kuka ba. Tsohuwar ta ce, "Malam Yari, ƙasa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Shekara ashirin muna ci muna sha ba tare da ita ba. Sunan fa? Jikata ta dawo daga islamiyya tana tambayata wai Ƙorafi sunan kakanta ne na yanka. Ba a zauren ga kas sa masa shi ba. Inda kaf faɗi na farko, can za ka faɗi na biyu."

Ta juya ta shige. Baba Yari ya tsaya shi kaɗai a zaure, ya ji maganar ta yi masa zafi, ya kuma ji babu ko kalma ɗaya a cikinta da zai iya gyarawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, jama'a suka taru a ƙofar gidan mai unguwa kamar kullum. Mai unguwar yanzu ɗan wancan ne. Aka matsa wa Baba Yari a kan tabarma, ya ƙi zama. Ya je daidai inda Mamman ya taɓa durƙusawa, ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Aka fara kallon juna. Ya ba da labarin tiryan-tiryan, da dutsen, da saiwoyin, da yadda garma ke korar gamba. Har wasu manoma suka fara gyaɗa kai suna cewa lallai, kowa na tuna kunyarsa ta ƙarshe.

Mai unguwa ya ce, "Ai Baba, wanga kuskure ne. Kowa na iya yin shi. Tashi, don Allah."

"Kuskure ne, kuskure ne," jama'a suka amsa, kowa na son a wuce wurin.

Tsohon ya ɗaga hannu. "Kun san ba ni son a ba abu sunan da ba nashi ba. Tafiyar gamba kuskure ce. Amma mutum ya zo nan ya ce in je in duba, na ƙi, na sa kunka yi mashi dariya, na laƙa mashi sunan da ya bi shi har ɗiyanshi. Na fi shi baki, na danne shi da shi. Sunan wanga zalunci. Ni Yari na zalunci Mamman." Ya ɗora da cewa, "Gaskiya yaf faɗa, bai yi ƙorafi ba. Wanda duk ya sake kiran shi da wancan suna, ya sani ƙaryata yake maimaitawa."

Bashiru na can gefe a tsaye jikin babur ɗinsa, ƙaton mutum, ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Sai liman ya ɗaga hannu aka yi wa Mamman addu'a.

Washegari da hantsi Baba Yari ya tafi gona da hauya, ya fara cire gambar gindi-gindi yana mayar da ita layin dutsen. Aiki ne na matasa, amma ya hana kowa taya shi. Ya kai rabi ke nan, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya hango Inna Saude tana tahowa ta cikin gonarsu a hankali, tana dogara kara. Ta zo ta tsaya a kan dutsen.

"Bashiru ya gaya mini," in ji ta. "Na yafe. Shi ma na san ya yafe."

Baba Yari ya yi godiya. Amma halin mutum ba ya barin sa, akwai tambayar da ta kwana uku tana cin sa. Ya ce, "Uwar Bashiru, abu ɗaya ban gane ba. Ya san inda dutsen yake. Mi ya hana shi zuwa da hauya da shaidu biyu ya tona da kanshi? Da rana ɗaya ta ishe shi."

"Na sha gaya mashi," in ji ta. "Har faɗa munka yi. Sai ya ce shi ba ya shiga geron mutum ya yi tono ba da izni ba. Ya ce, 'Ki bar shi. Yari mutum ne mai son sanin abu, tambaya ba ta barin shi barci. Na jefa mashi ita, wata rana da kanshi zai zo ya tona.' Kowace damina in ya ga ka shigo da hauya, sai ya tsaya da aiki yana kallon ka. Har shekarar da ya kwanta yana cewa wataƙila bana." Ta gyara mayafinta. "To, ga shi ka tona. Bai yi ƙarya ba."

Baba Yari ya tsaya da gindin gamba a hannu, ƙasa na zuba a kan ƙafarsa. Shi da ya taɓa hawa keke har Nahuce don ya ga yadda wata igiya ta tsinke, kunyoyi huɗu a cikin gonarsa sun gagare shi shekara ashirin. Zai iya yin shiru ya bar tsohuwar da wannan ɗan sanyin zuciya, kuma ya so ya yi hakan. Hawaye suka gangaro masa cikin gemu.

Ya ce, "Ba ni na tona ba, uwar Bashiru. Ruwa ne."